Kujerar Maikano

Rafin Gawo, ta Bunkure,
Tsakiyar damina.

Zuwa ga ɗana Abdulsamad, a Legas.

Assalamu alaikum. Wannan takarda daga hannun baffanka ce, Alhaji Datti, Shugaban Ƙungiyar Manoman Rani ta Rafin Gawo, mai riƙe da makullin ƙofar ruwa, wanda in ya yi gyaran murya kowa ke gyara zama. Ina gaishe ka gaisuwa irin ta uba da ɗa, ina fatan ta same ka lafiya kai da iyalinka. Allah Ya ƙara maka buɗi a ofishin lauyoyin da kake aiki, Ya tsare ka daga sharrin hanya da cunkoson motocin garin nan naku, Ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Na sa an rubuta mini ne kamar kullum, na ba Zaharaddini direban motar shinkafa ya kawo maka, domin maganar ta fi ƙarfin waya.

Mutanen gida duk lafiya. Mahaifiyarka Hajiya Kubra tana nan da ƙarfinta, sai gwiwar nan da ke tashi in hadari ya haɗo. Yanzu ma ta fi rediyo sanin ranar da za a yi ruwa. Saliha ta ƙara tukunya ta biyu a wurin turara shinkafa, har daga Kura ake zuwa ɗauka. Shinkafar damina ta yi kore shar, sai dai ruwan bana ba ya zuwa da hankali, sai ya yi shiru har ƙasa ta tsage, sannan ya zubo gaba ɗaya ya kwashe kunyoyin gona. Shi kuwa ƙaninka Nasiru, kada ka ce tsoho ya cika yabo, amma yaron nan ya shiryu ƙwarai. Duk wanda ya gaya maka shi ne ya sa kwaɗo a butar ladan, sharri ne kawai irin na mutane. Ka tuna da shi in za ka yi aike, don wayarsa sai an ɗaure ta da roba take kamawa.

To, ga abin da ya sa na ɗauki takarda. Ka san mun ɗora maka aikin gyara mana kundin dokokin ƙungiya, amma a waya ban yi maka bayanin yadda abin ya faro ba. Wata baiwar Allah ce, Malama Fa'iza, ta zo mana daga Kano. Ƙungiyarsu tana cikin waɗanda ake bari su shiga babban taron da ƙasashen duniya ke yi duk shekara a kan sauyin yanayi. Mun tara mata mutane a ajin firamare, muka zayyana mata abin da muke gani da idonmu: sanyin da alkama ke so ya gajarce, zafi na shigowa tun ba ta gama cika ido ba, tsutsa na cinye tumatir a tsaye, ga ruwan damina da ya zama kamar mai fushi da mu. Ta saurara har muka gama, sannan ta ce abin da muka faɗa shi ake tattaunawa a can, kuma ƙungiya irin tamu tana iya neman a ba ta matsayin 'yar kallo.

Ta ce ba a shiga don an ga dama, akwai ƙa'ida. Dole ƙungiya ta kasance da rajistar hukuma, ta kuma nuna ba ta kasuwanci ce mai raba riba ba. Mu nan mun tsira, tunda masu sayar da shinkafa nasu daban ne, mu ruwa da gyaran kanal kawai muka sani. Dole ta nuna aikinta ya shafi wannan matsala ta yanayi, ta kawo rahoton abin da ta yi a shekara da bayanin inda take samun abin tafiyar da kanta, da sunayen shugabanninta, da kundin dokokinta a rubuce tsaf. Duk wannan ta intanet ake tura shi wani ofishi na Majalisar Ɗinkin Duniya da ke birnin Bon a Jamus. Kuma ba a nema yau a shiga gobe. Wanda ke son taron baɗi, bana zai tura, kafin watan Agusta ya fita. Ofishin ya duba, in ya gamsu ya gabatar da sunan, sannan su ƙasashen da kansu su amince a zamansu. Ka ga dalilin da ya sa nake damunka da kundin nan. Sauran takardun sakatare ya haɗa, naka kaɗai ake jira, a karanta wa 'yan ƙungiya su yarda, a tura.

Da ta zo kan abin da ake samu, sai jikin mutane ya yi sanyi. Ta ce ɗan kallo ba ya jefa ƙuri'a. Ba a biya masa kuɗin jirgi ko masauki. Ko an karɓi ƙungiya, kujerun da ake ba ta kaɗan ne, wani lokaci mutum ɗaya ko biyu. Akwai ɗakunan da in magana ta yi zafi ake rufewa a bar 'yan kallo a waje. In an ba su damar magana, 'yar gajeruwa ce, kuma sau da yawa manoman duniya duka ne ke haɗuwa su wakilta mutum guda ya faɗa da bakinsu. Nan Salisu mai gyaran injin ban-ruwa ya miƙe ya ce shi bai ga amfanin wannan wahala ba, mutum ya haye teku don kawai ya zauna ya zuba ido, ai gara ya tsaya gida ya kalli ƙwallo a gidan kallo, ko ba komai can ana barinsa ya yi ihu. Aji ya kwashe da dariya, har ita Malamar.

Ni ne na tashi na ba shi amsa, kuma ba yabon kai ba, ranar bakina ya yi daɗi. Na ce masa wanda abu zai faɗo a kansa, ko ba shi da ikon hanawa, yana da haƙƙin ya ji lokacin da ake yanke shi. Na ce wanda ke cikin ɗaki yana jin magana tun tana ɗanya, in an fito shan iska ya tari mai yanke hukunci a baranda ya ce masa ranka ya daɗe, ga yadda abin yake a gonata. Wanda ke waje kuwa sai dai labari ya iske shi bayan an gama, in ma ya iske shi. Na ce mu ba mu muka ɓata sararin sama ba, amma mu ne a ƙarshen layi, abin da manya suka saki shi ke iso mu, don haka ko kujerar tsuguno ce a bakin ƙofa muna so. Aka yi ta kabbara. Malama Fa'iza ta ce ko a can ba ta ji wanda ya faɗe shi da kyau haka ba.

Yanzu bari in koma da kai baya kaɗan, zuwa safiyar wannan rana. Ka tuna Maikano, tsohon nan na unguwar da ke bayan kanal ta ƙarshe, mijin Inno mai daddawa, uban Sunday abokin Nasiru. Gonarsu ba ta cikin filayen da aka auna tun farko, saboda haka a dokarmu shi ba ɗan ƙungiya ba ne. Ragowar ruwan da ya sauko daga gonakinmu shi suke ja da inji, tun kana ƙarami haka suke yi, ba wanda ya taɓa hana su. A ranin da ya wuce mun zauna mun yanke cewa za a rufe ruwa a yashe kanal a cire ciyawar kacala da ta toshe shi. Mu da muke wurin kowa ya jinkirta dashensa. Su ba wanda ya gaya musu, ba da mugunta ba, kowa ya ɗauka wani ya faɗa. Suka dasa albasarsu gaba ɗaya, ruwa ya ɗauke, kafin a sake shi ta ƙone ƙurmus. Da Maikano yana wurin, da ko dai ya jira kamar kowa, ko ya roƙa a ɗaga masa 'yan kwanaki, kuma na san da an ɗaga. Sunday ya ce in aka sake irin wannan bana, shi ya gama da noma, zai tafi kudu ya nemi aikin gadi, tsohon kuwa ba zai iya jan inji shi kaɗai ba. Gonar ke nan ta tashi.

To, a safiyar da Malama Fa'iza ta zo, Maikano ya ji ana taro, ya ɗauka na rabon ruwa ne. Ya taho tun daga unguwarsu da 'yar kujerarsa a hannu, don kada ya tsare wa wani benci. Ya ajiye ta can baya kusa da ƙofa. Na ce masa taron na 'yan ƙungiya ne. Ya ce ya sani, shi ba magana zai yi ba, ji kawai zai yi. Na ce doka ba ta ba da wannan ba, in an buɗe wa ɗaya gobe kowa zai zo. Bai yi musu ba. Ya gaishe ni, ya tambayi jikin Hajiya Kubra, ya ɗauki kujerarsa ya fita. Ko rabin wuni ba a yi ba na tsaya a wannan aji ina gaya wa duniya haƙƙin mutumin ƙarshen layi.

Da na koma gida aka kawo tuwo, na kasa ci. Na yi ta juya maganata ina jin ta da kunnen Maikano. Na ga muna tara takardu muna roƙon manyan ƙasashe su yi mana abin da mu muka hana maƙwabcinmu, alhali su sun fi mu uzuri, don ba su taɓa cin daddawar Inno ba. Saboda haka ga umarnina. A cikin kundin da kake gyarawa ka sa mana sashe guda: duk wanda ke shan ruwan da ya bi ta kanal ɗinmu, ko ba ɗan ƙungiya ba ne, yana da damar zama a taron rabon ruwa a matsayin ɗan kallo. Ba shi da ƙuri'a, amma a sanar da shi ranar taro, kuma kafin a yanke rufe ruwa a ba shi dama ya faɗi halin da gonarsa ke ciki. Iyakar abin da muke nema a Jamus ke nan, ban ƙara ko ƙwaya ba. In ya shiga yanzu, zai kama zaman da za a yi bayan kaka, inda za a tsara ruwan rani.

Ka gaishe mini da Aziza, a ce mata kukar da ta aiko a nema tana cikin buhun da ke hannun Zaharaddini. Ka shafa mini kan Ummi, Allah Ya raya ta. Hajiya Kubra tana gaishe ku, ta ce ka rage shan shayin dare. Saliha da Bashira suna gaisuwa, haka ma Dattijo na gidan ƙasa.

Har na kai nan zan sa hannun Baffa, na ma gwada shi sau da yawa a bayan kwali har ya fito sak, sai na ajiye biron. Yaya, ni ne, Nasiru. Na san tun daga wajen butar ladan ka fara zargi, don Baffa bai taɓa yabona ba ko a mafarki. Duk abin da na ba ka labari gaskiya ne, zuwan Malamar, da ƙa'idojin, da albasar, da jawabin Baffa, ina tsaye a taga na ji shi kalma kalma. Abu ɗaya ne na ara masa, wato komawa gida da kasa cin tuwo. Ya ci tuwonsa sarai, har ya nemi ƙari. Ni ne na kasa ci. Umarnin ma nawa ne.

Na so in bar ka a haka ka sa sashen, a karanta a gaban jama'a, kunya ta hana Baffa cewa ba shi ya faɗa ba. Da ya yi aiki, na san shi. Amma na tuna kujerar da aka samu ta bayan fage, ranar da aka gane, da ita da mai ita za a fitar, kuma Maikano ba zai iya ɗaukar fita ta biyu ba. Baffa ba mugu ba ne, bai dai haɗa safiyar da yammacin ba ne, ni kuma in na buɗe baki zai ce wani wasan ne. Kai yana jin maganarka. Ka kira shi, kada ka yi masa wa'azi, ka ce an ba ka labarin jawabinsa ya burge ka, ka roƙe shi ya maimaita maka. In ya kai wajen mutumin ƙarshen layi, sai ka tambaye shi lafiyar Maikano, ka yi shiru. In ya ce a sa, ka sa. In kuma ya tambayi wanda ya kai maka labari, faɗa masa, na saba da sandarsa.

Jiya na bi ta unguwarsu Sunday. Sun share wurin da za su yafa irin albasa, amma ba su saya ba tukuna, suna jira su gani. Kujerar tana nan a bakin zaure, tsohon bai mayar da ita ɗaki ba.

Maganar aiko mini da sabuwar waya dai tana nan daram.

Ƙaninka,
Nasiru, wanda bai taɓa riƙe makullin komai ba.