Itacen Baba da Na Ba Ruwa

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafar nan. Ni jikina lau, zuciyata ce ba daɗi. Ki yi haƙuri da rubutuna.

Kin san tsohon da nake kula da shi, wanda nake ce wa Baba. A bayan ɗakinsa akwai wani ɗan itace, bai wuce gwiwata ba, ganyensa ƙanana kamar allura, sau ɗaya yake fure ja-ja a shekara. Shi da marigayiya matarsa suka tono shi a dajin da suka tashi, kafin a share wurin a yi gidaje. Ranar da za a kai Baba asibiti ya riƙe hannuna ya ce kar in ba itacen komai. Yaya, ni na ɗauka kunya yake ji kar ya ɗora min aiki. Na duba ƙasar, yashi ne da tsakuwa, a bushe ƙayau, sai tausayi ya kama ni. Safe da yamma ina zuba masa ruwa, har taki na samo masa, yadda muke yi wa barkonon Inna. Cikin sati uku ganyen ya yi baƙi ya zube. Maƙwabcinmu mai gyaran lambu ya leƙo ta katanga ya ce ai na kashe shi, saiwar ta ruɓe, irinsu a busasshiyar ƙasa suke rayuwa. Wai wane irin itace ne ruwa ke kashewa?

Kullum na kai wa Baba wankakkun kaya asibiti sai ya tambaya ko ya fara fure. Jiya na kasa ɓoyewa, na faɗa masa. Sai ya ce sau nawa nake ba shi ruwan, na ce sau biyu, ya ce lallai na sha ɗaukar bokiti. Bai yi min faɗa ba, da ma ya yi. Ya dai ce kar in tuge shi sai ya dawo ya gani da idonsa. A bakin ƙofa 'yarsa ta ja ni gefe ta ce likita ya gaya mata ba zai koma gida ba.

Itacen yana nan, Yaya, ƙirare kawai. Ban taɓa shi ba.

Ki gaida Inna da Kawu da Auta. Ki sa Baba a addu'a, ni ma ki sa ni.

Ƙanwarki ce.