Wasan Da Na Yi Ne Ya Ci Aikin Telmo?

Dona Lurdes,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Ban taɓa rubuta wa jarida ba, kuma ki yi haƙuri idan na yi ta kewaye-kewaye, ko a baki haka nake.

Shekarata goma sha tara ina aiki a gidan wasan dabbobin teku na garinmu. Na shiga ina budurwa mai yanka tikiti, yau ni ke kula da abincin dabbobi: zakunan teku takwas, dolfin biyar, da tsuntsayen nan masu tafiya kamar sun sa kwat za su ɗaurin aure. Senhor Abílio da ya kafa wurin ya san sunan kowa har da na 'ya'yanmu, lissafi ne kawai bai sani ba. Da tsufa ya kama shi, 'ya'yansa suka sayar wa wasu masu zuba jari da har yau ba mu ga fuskarsu ba. Daga nan shugabanni uku muka yi cikin shekara biyu. Na farko ya sauya mana launin riga, ya tafi. Na biyu ya cika wurin da na'urori, ya ƙara kuɗin shiga, baƙi suka ragu, shi ma ya tafi.

Ta ukun ce dalilin wannan wasiƙa. Doutora Graciete, wato Dakta Graciete, 'yar birnin Porto, gajeruwa, ba ta dariya sosai. An ce kamfanin kifin gwangwani ta riƙe kafin ta zo mana, wannan kaɗai ya ishi ma'aikata abin tsokana. Tun makonta na farko, a watan Fabrairu, ƙarfe bakwai na safe sai ga ta da takalmin roba a ɗakin da nake yanka kifi, ɗakin da ko mijina ba ya shiga saboda ƙarni. Ta tsaya da ɗan littafi tana tambaya. Me ya sa nake barin kifi ya narke a firiji maimakon in sakar masa ruwa? Me ya sa Bigodes, tsohon zakin tekunmu, sai an ɓoye masa magani a cikin kan kifi? Kilo nawa muke zubarwa a mako? Me ya sa wasa uku a rana, ba biyu ba? Ba a yi kwana goma ba aka laƙaba mata Doutora Me-Ya-Sa.

Sauran ma'aikata suka ɗinke bakinsu. Ni kuwa, Dona Lurdes, gaskiya daɗi na ji. Shekara goma sha tara babu wanda ya taɓa tambayata dalilin abin da nake yi. Sai na ga ashe na san abubuwa. Wasu tambayoyin ma ban san amsarsu ba, in koma gida ina ta juya su. Zulmira mai sayar da kofi ta ce mini, "Ke dai ki yi ta zuba kamar famfo, wata rana za ki ga abin da ake dafawa a littafin nan." Na yi dariya na wuce.

A watan Afrilu ta tambaye ni wa ke duba ruwan tafkunan dabbobin. Na ce da can abokin aikinmu Telmo ne, duk bayan awa biyu yana zagayawa, amma tun da shugaba na biyu ya sa na'ura, ita ke auna gishiri da zafin ruwa ta aika wa wayar injiniya. Sai na ƙara da wasa, na ce yanzu dai Telmo yawo yake yi yana gaisawa da bututu. Wallahi wasa nake, irin wanda nake yi masa a gaban idonsa. Ta rubuta.

Abin da ban faɗa mata ba, don bai zo mini a rai ba, shi ne abin da ya faru a watan Agustan bara. Na'urar tana nuna komai lafiya, Telmo ya zo wucewa ya ɗora hannu a kan bututu, ya ce injin tace ruwan nan tari yake yi. Aka yi masa dariya. Ya nace aka buɗe, aka tarar saura ƙiris ya tsaya. Da ya tsaya a wannan zafin, da ruwan dolfin ya lalace kafin a samo wani injin. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, domin shugaban lokacin bai so a ji na'urarsa ta yi kuskure.

A watan Mayu aka liƙa sunayen mutum goma sha huɗu da aikinsu zai ƙare a ƙarshen Satumba. Telmo ne na uku. Shekararsa hamsin da takwas, ashirin da shida daga ciki a wurin nan ya yi su. Kuma shi ne uban baftisma na 'yata, shi ya riƙe ta a coci, shi ya sa yake kirana komadre, wato uwar ɗiyarsa ta baftisma. Ya karanta takardar, ya juyo ya ce mini, "Komadre, ashe na'ura ta fi ni kunne. To ranar idin Santo António sai ku gayyace ta, ta zo ta gasa muku kifin." Har yau duk Litinin yana kawo mini lemon tsami daga bayan gidansa. Bai san abin da na faɗa ba. Ina karɓa, in yi masa godiya.

Makon jiya kuma Doutora ta kira ni ofis. Na ɗauka nawa ne ya zo. Sai ta juyo mini da takardun kamfanin. Wutar lantarki kaɗai tana cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tikiti. Kifin da nake yankawa ya ninka kuɗinsa cikin shekara huɗu. Masu wurin sun ba ta zuwa ƙarshen baɗi, in ba a daina asara ba za a rufe, a rarraba dabbobin wasu ƙasashe. Bigodes ba zai jure tafiya ba, wannan na sani. Daga nan ta ce tana so in zama shugabar sashen kula da dabbobi, da ƙarin yuro ɗari uku a wata. Ta ce, "Ke kaɗai ce a nan in na yi tambaya kike ba ni abin da yake, ba abin da kike zaton ina son ji ba."

Ga abin kunyar: na yi awa guda a ofishin nan ina yi mata tambayoyi a kan takardun, har na manta da Telmo. Ban taɓa sanin yadda wurin da na ƙarar da ƙuruciyata yake tafiya ba, sai na ji ina son in sani duka.

Wace irin mace ce wannan? Na zuba mata ido na kasa ganewa. A motar haya take zuwa, ta mayar da motar da kamfani ya ba ta. Da rana takan tsaya bakin tafkin Bigodes tana cin burodi ita kaɗai. Amma hannun nan dai shi ya sa hannu a takardar mutum goma sha huɗu. Koyo take yi da tambayoyin nan ko farauta? Maganata ce ta ci aikin Telmo, ko da ma an gama shirya shi? Mijina Custódio ya ce in karɓa in yi shiru, wai tausayi ba ya biyan haya. Zuwa ƙarshen wata take jiran amsa. In karɓa? In gaya wa Telmo?

Mai Bokitin Kifi

*

'Yar'uwa Mai Bokitin Kifi,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da na fara lura da shi ba zai yi miki daɗi ba: kin zauna awa guda da matar nan kina tambayarta kuɗin wuta da na kifi, amma tambaya ɗaya da ke hana ki sukuni ni kika aiko wa. Ni ban san abin da ke cikin littafinta ba. Ita ta sani, kuma ƙofarta ba ta fi taku hamsin daga ɗakin kifinki ba.

Koyo take yi ko farauta? Ina jin duka biyun. An ba ta wuri mai yoyo an ce ta toshe kafin ƙarshen baɗi, dole ta koya, kuma dole abin da ta koya ya taɓa wani. Wannan bai mai da ita muguwa ba. Cin burodi a bakin tafki ma bai mai da ita waliyyiya ba. Ki daina auna ta daga nesa. Mutumin da yake son gaskiya ana gane shi ne ranar da gaskiyar ta ɓata masa shiri, kuma kina riƙe da irin wannan gaskiyar.

Game da Telmo, kada ki ɗora wa kanki dukan kayan. Takardar sallamar mutum goma sha huɗu ba a kan wasan mace ɗaya ake rubuta ta ba. Duk wanda ya ga an sayi na'ura mai tsada, kuma ana biyan mutum a kan aiki iri ɗaya, zai sa alama. Amma ba zan wanke ki tas ba. Ta tambaye ki da gaske, kin ba ta rabin amsa da wasa, ta rubuta rabin. Ragowar rabin yana wuyanki. Ki rubuta abin da ya faru a watan Agusta, da rana da wata, da sunayen waɗanda suka buɗe injin, ki nemi ɗaya ko biyu su sa hannu. Ki kai mata da kanki, ki ce amsar da kika ba ta a Afrilu ba ta cika ba. Ki yi mata da harshen da take ji: nawa ne asarar dolfin ɗaya, nawa ne albashin Telmo na shekara. Ban yi miki alkawarin za ta cire sunansa ba. Wataƙila ta rage masa kwanaki, wataƙila ta ce a'a. Ko me ta yi, a ranar za ki san matar da kike tambayata a kanta.

Kafin ki je wurinta, ki fara zuwa wurin Telmo. A wurin aikin da ke da mai sayar da kofi irin Zulmira, magana ba ta kwana. Gara ya ji daga bakinki, a gidansa, ba a gaban mutane ba. Ki faɗa yadda kika faɗa mini, kada ki ƙawata. Zai iya yin fushi, haƙƙinsa ne, ki bar shi ya yi. Ki kuma matsa masa ya kai takardarsa ƙungiyar ma'aikata ko wurin lauya kafin ya sa hannu a komai, domin shekara ashirin da shida ba a sallamarsu da musafaha.

Muƙamin kuwa, kada ki ƙi shi don ki hukunta kanki, ƙin karɓarki ba zai ciyar da Telmo ba. Kada kuma ki karɓa a matsayin ladan shiru, a nan na raba hanya da Senhor Custódio, ko da yake bai yi ƙarya a kan haya ba. Ki tambaya a rubuce: mene ne aikin, wa zai riƙa zaɓen wanda za a rage nan gaba, kuma ina matsayinki idan shugaba na huɗu ya zo. Wurin da ya canja shugaba uku cikin shekara biyu, alkawarin baki a cikinsa bai wuce ranar tafiyar mai shi ba. Ki sani kuma, daga ranar da kika karɓa, wasu za su daina hira in kin shigo. Ki auna ko za ki iya.

Son sanin da kika kira abin kunya, ni ban ga kunya a ciki ba. In wurin nan zai rayu, yana buƙatar wadda ta san warin kifi kuma ba ta tsoron takarda. Ki je wurin Telmo a wannan makon, ofis a mako mai zuwa, amsar muƙami a ƙarshe. Kada ki juya jerin.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sa ki same shi da sauƙin kai.

Lurdes