Ummi Ba Daƙiƙiya Ba Ce, Yaya

Zuwa ga yayana Alhaji Sabo, Ƙofar Ran, Bauchi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da kasuwa. Ni ina nan Fatakwal, sai ruwan da ba ya ɗaukewa da bayana da ya gaji da kujerar tirela. Na rubuta a shafina inda kowa zai gani ne don ka daina ɗaukar wayata. To, 'yan majalisarka suna karanta ni, su za su kai maka.

Ƙanwarmu Asabe ta faɗa min hukuncin da ka yanke. Wai Ummi ta gama boko, bayan hutun nan za a kai ta Miri wajen Goggo ta riƙa taya ta aikin gida, tunda kanta ba ya ja. Yarinya 'yar aji biyu, Yaya! Giɓin bakinta ma bai cike ba, har ka gama yi mata lissafin rayuwa.

Ba zan yi maka butulci ba. Ranar da muka dawo daga binne matata, uwarta, kai ka ɗauke ta daga cinyar Asabe ka ce ta zama taka. Ba ta taɓa kwana da yunwa ba, ɗinkin sallarta ɗaya da na 'ya'yan cikinka. Wannan ko a gaban Allah zan shaida. Amma ciyarwa daban, dubawa daban. Akuya ma ana zuba mata dusa.

Yarinyar da a da take tashin gidan da waƙoƙin makaranta ta yi shiru, ba ka tambayi dalili ba. Kullum da safe cikinta na ciwo, amma ban da Asabar da Lahadi. Ka ce ƙarya ce, ka sa aka ba ta kanwa. Ta dawo da rana tana dafe da goshi, ka ce rana ce. Ta koma fitsarin kwance bayan ta daɗe da dainawa, kuka shanya tabarmarta a tsakar gida yara suna yi mata waƙa. Wanne ne a ciki bai isa ya tsayar da mutum ba?

Da na zo babbar sallah, da idona na ga tana tsince shinkafa hancinta na kusan taɓa faifai. Na ɗago mata hannu daga bakin zaure, ba ta gane ni ba sai da na yi magana. A waya kuwa, in aka haɗa mu ta hoto, goshinta kawai nake gani, don sai ta manna fuskarta da gilashin. Kuna dariya, kuna cewa ƙauyanci.

Hujjarka ɗaya ce, kuma ka riƙe ta kamar aya: a Islamiyya ita ce gaba a hadda, saboda haka taurin kai ne kawai take yi wa boko. Haba Yaya. A Islamiyya malam yana biyawa suna amsawa, da kunne take ɗauka. A boko kuwa an ajiye ta a bencin baya don ta fi sa'o'inta tsawo, allo yana can gaba. Ta leƙa littafin ta kusa da ita, aka ce satar amsa take yi, aka zane ta. Ta dawo gida da shatar bulala, kai ma ka ƙara mata.

Malamar ajinsu, 'yar kudun nan, ta yi ta aike ka zo, ka ce kana da kwastomomi. Ta hau keke ta same ka har shago ta ce, "Alhaji, yarinya ba ya ganin allo." Abin da ka riƙe a maganar shi ne karyayyar Hausarta. Har kwaikwayonta ka yi a majalisa aka yi ta dariya. Baƙuwa ta damu da jininka fiye da kai.

Ka san abin da ya ɗaure min baki. 'Yar fari ce, kuma riƙo na ba ka, a gidanmu kuwa wanda ya ba da riƙo ba ya bin diddigi. In na kira sai in tambayi kowa har kajin gidan, ita kuma in cusa ta cikin "ya yara?" Kai ka ce lafiya lau. Kara na yi maka, kai kuma ka shimfiɗa ta ka yi barci a kai.

Ni ba likita ba ne, ban ce lallai idon ne ba. Cewa na yi a duba. Asabe za ta zo ranar Litinin ta kai ta asibitin ido, kada ka hana. In aka ce idonta ƙalau, zan zo in durƙusa a gaban mutanen nan in ba ka haƙuri, sannan mu ci gaba da neman abin da ke damunta, tana cikin aji. In kuwa ka hana, wallahi zan ajiye motar mutane in zo in ɗauki 'yata. Gari ya ce na ƙwace riƙo daga hannun yayana, na ji, zan iya ɗauka.

Ba na so mu kai can. Kai ne fa ka goya ni zuwa firamare lokacin da ƙafata ta kumbura, ka zauna a bakin aji har aka tashi. Wannan Yayan nake nema. Ka kira ta, ba don aike ba, ka zaunar da ita kusa da kai ka tambaye ta me take gani. Tsoronka take ji, amma kai take kira Baba, ni sai dai Baffan Fatakwal.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da mahaifiyarta. Allah Ya buɗe wa Ummi abin da ya rufe mata, Ya sassauta zuciyarka da tawa, kada Ya sa marainiya ta tsaya ƙararmu ranar gobe.

Ƙaninka, da fushi amma ba da gaba ba,
Garba.