Jirgin da Aka Hana Ƙetarewa

Vouziers, Agusta 1915

Zuwa ga Yayata Ottilie,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Mama, kumburin ya sauka? Ni lafiyata ƙalau, sai kewar gida. Wani mai zuwa hutu ne zai kawo miki wannan da hannunsa, don haka zan saki baki. Ki karanta ki jefa a murhu.

An ba ni sabon jirgi, Yaya. Shi kaɗai ne irinsa a rundunarmu, kuma ni, ɗan mai gyaran keke daga Saalfeld, aka damƙa wa. Ba wani kyau gare shi ba: fiffike ɗaya ta kowane gefe, wayoyi ko'ina, kamar shanyar da iska ta kwasa. Amma bindigarsa tana harbi ta tsakanin farfela tana cikin juyawa, ba ta taɓa ta. Akwai wani ɗan ƙarfe a ciki da ke riƙe harsashi har reshen farfela ya wuce. Faransawa da Ingilishi ba su da irinsa, kuma saboda shi aka kafa mini doka: ko sama da ƙasa za su haɗe, ba zan ƙetare bakin daga ba, kada in faɗi can su gani.

Abin da bai yi mini daɗi ba, kujerarsa ɗaya ce. Kin san labarin Laftanar Benno Rasche, wanda na shekara ina tuƙawa yana ɗaukar hoton ramukan abokan gaba, wanda ya cinye rabin cukun da kika aiko. A nan matuƙi da mai hotonsa ma'aurata ake ce musu, don tare ake tashi, tare ake faɗuwa. Ƙarar inji ba ta barin a yi magana, sai ya naɗe taswira ya ƙwala mini a ka: dama, hagu, ko don kawai ya ga dama. Da ya ji labari sai ya tsaya gaban kowa ya dafe ƙirji. "Au, sakina ka yi, Alwin? Bayan duk wahalar dukanka da na sha? To je ka da wannan mai ƙafafun sauro, za ka neme ni." Kowa ya yi dariya, har ni. Da na tashi a sabon jirgin kuwa, sai ga ni ina waiwaye in nuna masa wani abu.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Alwin

Vouziers, Nuwamba 1915

Yaya Ottilie,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarku duka. Na ji tarin ƙaramar ya yi sauƙi, mun gode Allah. Rigar sanyi ta iso, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, amma ina sanye da ita yanzu haka.

Kin ce kin ga hoton irin jirgina a jarida, kin tambaya ko na zama babban mutum. Bari in gaya miki girmana. Injin nan man zurma yake sha, yana fesa mini a fuska, in na sauka ba na tsayawa gaisuwa sai na ga bayan gida. A teburin sajoji an daina wasa da ni, wai na zama ɗan gaban goshin Kyaftin. Teburin hafsoshi kuwa ba wurina ba ne. Ina cin dankalina a rumfar jirgi, ni da shi.

Na harbo jirgin Faransa ɗaya a makon jiya, ta ɓangarenmu. Ba su ma san ta gaba wuta za ta fito ba. An sha giya, an daddaki kafaɗata. Ni abin da na gani shi ne mutum biyu ne a ciki, na baya yana ta bugun kafaɗar na gaba.

Aikina na kullum shi ne rakiya. An haɗa Benno da wani Saje Wenzel, mutumin kirki, sai dai yana sauke jirgi kamar mai jefar da buhu. Ina raka su har kan ramukanmu, su wuce, ni in tsaya ina kai da komo kamar karen da aka ɗaure a ƙofar gida. Sanyi ya cinye mini yatsu, idona na yamma, har in hango su. Faransawa sun gane dokar tawa sarai. Ba sa zuwa inda nake, suna jiran namu a can.

Na roƙi Kyaftin ya bar ni in riƙa shiga ko kaɗan ne. Bai ko ɗago kai ba. "Saje, in ka faɗi can, ba kai za mu yi wa kuka ba. Matuƙa muna da su." Benno ya ji, ya biyo ni rumfa da kwalba a aljihu. "Kai, mai kunnen ƙashi, wa ya aike ka? Bindige ka za su yi in ka ƙetare, ni kuma wa zan riƙa zagi? Zauna inda aka ajiye ka. Ganinka ma daga nesa yana sa ni jin na kusa gida." Da wasa ya faɗa, amma bai yi dariya ba.

Ina kewarsa, Yaya, ga shi kullum ina ganinsa. Ki sa mu a addu'a.

Naki,
Alwin

Vouziers, Janairu 1916

Yayata,

Ina fata kun shiga sabuwar shekara lafiya, Mama da yara da kowa. Ni jikina lafiya.

Benno ya rasu, shi da Wenzel, ranar Talata da hantsi. Gari ya yi garau, dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, ana ganin komai. Na raka su, na tsaya inda nake tsayawa. Sun gama hotonsu sun juyo, har na gane jirgin, sai Faransawa uku suka sauko musu daga sama. Wenzel ya dunƙufar da hanci ya nufo ni. Ni suka nufo, Yaya, ba filin sauka ba. Ina ganin Benno a tsaye yana harbi da tasa bindigar, sai na ga ya daina.

Hannuna ya juya jirgin yamma. Na ga ramukanmu sun shige ƙarƙashin fiffike, na tuna ɗan ƙarfen nan, na tuna dubban mutanen da aka ce rayukansu na rataye da shi, na juyo. Na yi ta harbin iska ko za su ji tsoro. Ba wanda ya ko kalle ni. Fiffiken su Benno ya karye, suka faɗi bayan wani ƙauye mai rusasshen coci, hayaƙi ya tashi.

Kyaftin ya kira ni gaban hafsoshi ya miƙa mini hannu, abin da bai taɓa yi ba. "Ka yi abin da ya dace, Saje. Ba kowa ne zai iya ba." Na ce na gode, ranka ya daɗe. Ina gaya wa kaina wurin da nisa, ko na tafi ba zan isa a kan lokaci ba. Da wannan nake samun barci.

Ni aka sa in ɗaure kayansa a aika wa mahaifiyarsa a Bremen, don an ce ni na fi kowa saninsa. Kada ki gaya wa Mama, sai ta fara lissafa nawa kwanakin.

Ƙaninki,
Alwin

Vouziers, Afrilu 1916

Yaya Ottilie,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya shirin Ista? Na san yara sun dame ki da rinin ƙwai. Ki yi haƙuri da shiruna, ba ciwo ba ne.

Zamanin jirgina ya wuce. Faransawa sun fito da ƙanana masu fiffike biyu, suna juyi a inda nawa ke nishi. Mu da ake gudu, yanzu mu ake farauta. An ce za a kawo sabbi, a tura irin nawa makarantar koyon tuƙi.

Shekaranjiya Kyaftin ya tara mu. Wai wani da aka ba sabon jirgi irin nawa don ya kai wa wata runduna, sai ya ɓata a hazo, ya hango fili, ya sauka lafiya lau. Ashe filin Ingilishi ne. Ko ƙwarzane babu, ga bindiga, ga ɗan ƙarfen. Sun kwance, sun duba, sun tashi da shi, sun ce ashe ma ba shi da gudu. Wani ya ce, "Da sun sani ai da sun ba shi shayi sun sallame shi." Aka fashe da dariya. Kyaftin ya juyo gare ni. "To, Saje, abin da kake ta roƙo ya samu. Daga yau ka ƙetare duk inda ka so."

Yau da safe na ƙetare. Ba wanda ya aike ni, ba kuma wanda ya tare ni. Na je daidai inda nake tsayawa, na saita hanci kan rusasshen cocin, na buɗe wa inji wuta duka. Don in danne tsoro sai na fara Addu'ar Ubangiji, yadda kika koya mini a bakin gado. Na ɗauka zan maimaita ta har in gaji.

Yaya, ban kai "Amin" ba na ga ƙarafan jirgin su Benno a ƙarƙashina, ciyawa ta fara fitowa a tsakaninsu.

Na dawo lafiya. Ki gaida Mama.

Ƙaninki,
Alwin