Sunan Nura

Daren Talata, Batsari

Raina a ɓace yake tun la'asar. Gidan talabijin ɗaya, amma maƙala biyu a kansa a kundin sani na intanet: tawa da ta Malam Bishir na Safana, wanda ya koya mini rubutu a shafin. Yau wani edita da bai taɓa taka Katsina ba ya ce a haɗe su, a bar tawa.

Gaskiyarsa ce, biyu ba su da amfani. To amma a ta Malam kaɗai aka ambaci ƙanensa Nura, mai ɗaukar hoto na gidan talabijin ɗin, wanda 'yan bindiga suka kashe a hanyar Runka. Editan ya ce ba za a sa sunan ba sai da hujja daga jarida.

Na kira Malam, na yi ta kame-kame. Shi ya riga ni: "Haɗe su, Aminu. Ka dai bar mini yaron nan a ciki."

Na ce to, alhali ban san yadda zan yi ba.

Wai jarida! Mu muka ɗauko gawar a bayan a-kori-kura. Wanda zai ɗauki hoton abin, shi ne a kwance.