Famfo Ɗaya, Fenti Uku

Salamu alaikum ƙawayen arziki, ina gajiya? Masu cika min waya da "ina kika shige", ga ni, ba aure na yi ba, ku kwantar da hankalinku. Abin da ya ɓoye ni wata ukun nan ya fi ƙarfin wasa. Kun san ni ke riƙe da shafin Kawuna, shugaban ƙaramar hukumarmu, ni ke ɗora hotunan ayyukansa. To da magana ta ɓaci sai ya daina kirana, wai ana sauraron waya, ya koma aiko direbansa da ambulan. Ga takardun na kwafo muku yadda suke.

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da mahaifiyarki.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne hotunan famfunan burtsatse uku da kika ɗora a shafina. An kai ƙara cewa famfo ɗaya ne aka ɗauka sau uku, kuma kwamitin bincike zai zauna ranar Laraba. Na haɗo miki da takardar da lauya ya tsara. Abin da ta ƙunsa shi ne ke kika rikita hotunan bisa kuskure. Ki sa hannu ki ba direba. Ke yarinya ce, faɗa kawai za a yi miki.

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da alli kafin in zama kansila, na yi kansila sau biyu kafin in hau wannan kujera. Saura wata huɗu jam'iyya ta tsayar da ɗan takarar majalisa. Kada ki bari hoto ya rushe duk wannan.

Allah ya yi miki albarka.
Kawunki.

*

Kawuna na kaina,

Ina wuni, ya aiki, ya Anti da yara? Allah ya ƙara girma.

Kawu na karanta takardarka. Wane kuskure kuma? Ba tare muka je ba? Da safe famfon kore ne, aka kafa allon unguwar farko na ɗauka. Mai fenti ya shafa shuɗi, muka zauna a mota muna jiran ya bushe, aka canja allo. Da yamma ya koma ruwan ɗorawa, kai da bakinka ka ce in tsaya ta ɗaya gefen. Allo na ukun ma sunan unguwarmu ne a jiki! Na ce Kawu ai mu ba mu da famfo, ka ce ana kan haƙawa, hoton ne ake sauri a tura sama. Ni kuma na yarda, don kai ne.

Kuma ba abokan hamayya suka gano ba. Wani mai walda ne ya rubuta a ƙasan hoton: "Wannan hannun famfon ni na liƙa shi, ga tabon nan a duka ukun." Kafin in goge an gama yaɗawa.

Takardar lauyan na nuna wa ƙawata mai buga takardu a kotu. Ta ce ba maganar shafi ba ce kawai, an rubuta ni na haɗa hotunan da aka manna a shaidar kammala aiki. Ta ce mutum na iya kwana a gidan yari a kan haka. Kawu ka karanta ta kuwa kafin ka aiko? Don Allah ka ce ba ka karanta ba.

Ka huta lafiya,
Autarku.

*

Auta,

Ina fatan kina lafiya.

Wa ya ce ki nuna wa bare takardar? Na karanta ta, layi-layi. Ba za a rufe ki ba, na riga na yi magana da waɗanda suka dace.

Kina ganin ni kaɗai ne a cikin wannan? Kafin a haƙa rami ɗaya, hannu nawa kike tsammani ya shiga aikin? Akwai waɗanda in na ambaci sunansu, ba kujera kaɗai zan rasa ba. Kwana shida ke nan abinci ba ya wuce min.

Na riƙe ki tun rasuwar mahaifinki, ban taɓa neman komai a wajenki ba sai yau. Ki sa hannu, ki haɗa da wayarki ki ba direba, an ce akwai bidiyo a ciki. Kada mahaifiyarki ta ji, kin san hawan jininta.

Direba zai dawo gobe ƙarfe goma.
Kawunki.

*

Kawu,

Barka da asuba. Ka yi haƙuri, ba ni na faɗa ba. Direbanka ya zo na tafi kanti, ya miƙa wa Umma ambulan ɗin. Na dawo na tarar ta sa tabarau ta karanta, ta sa na ɗauko ta farkon ma. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi min faɗa ba, ta ce in ba ta biro. Ni dai wallahi har na ɗauki takardar lauyan sau biyu zan sa hannu, don ba na son ganinka a wulaƙance. Umma ta karɓe ta sa a jakarta.

Ga nata saƙon a ciki.
Auta.

*

Ƙanena,

Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka.

Na goya ka, na san ba haka kake ba da. Riƙon da ka yi mana Allah ya saka, amma ba da 'yata za a biya ba. Ba za ta sa hannu ba, wayarta kuma tana wajena.

Ranar Laraba zan zo da ita. In kwamiti na son ganin famfon unguwarmu, su biyo ni in nuna musu filin, shekara biyu ina sayen ruwa a gabansa. In ka riga mu faɗin gaskiya, a gefenka zan zauna.

Yayarka.

*

Laraba muka je. Umma ta ajiye jakarta a kujerar kusa da ita, ta hana kowa zama. Har aka tashi Kawu bai shigo ba, lauyansa ne ya zo. Na faɗi abin da na gani, aka sallame ni. Kawu kuwa an dakatar da shi, maganar tana kotu. Bai sake taka gidanmu ba, Anti ma ta cire ni daga zauren hirar dangi. Umma ba ta ambatonsa, amma in mota ta tsaya a ƙofa sai ta bar abin da take yi ta leƙa.

'Yan uwa, akwai wadda nata na jini ya taɓa cewa ta ɗauki laifinsa? Ya kika yi, kuma kun shirya daga baya? Ku rubuto min a ƙasa don Allah, Umma ma zan karanta wa.