Takalman Mama a Bakin Matakala

Pantai Dalam, Kuala Lumpur
Lahadi

Zuwa ga ’yar’uwata Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Gwaggo, ya karatu? Mu nan lafiya lau, sai dai ni na shiga matsala. Ki karanta ki goge.

Kin tuna Hafiz, ɗan Malay ɗin nan mai jita da hular kaboyi, wanda na ce miki muryarsa irin ta jaruman littattafanmu ce? Jiya da rana shi da abokansa uku suka yi wasan kiɗa a wani ɗan ɗaki a saman shagon yadi, a unguwar Masjid India. Na ce wa Mama zan je sayen mayafi. Rabi, ƙarya na yi. Kin kuma san abin da Abba ya faɗa ranar da muka sauka a ƙasar nan: ƙarya ɗaya, sai makarantar kwana a Zariya, ba ni ba su har ya gama digirinsa.

Don in yi kama da babba, takalman Mama na saka, jajayen nan na fata. A wurin ba a hawa da takalmi, sai na cire su a bakin matakala cikin na mutane.

Ɗakin bai fi falon Gwaggo ba. Mu kamar talatin, duk a zaune a ƙasa. Na maƙale a gaba kusa da lasifika, ko waiwaye ban yi ba don kada wani ya gane ni. Gangar har cikin ƙirjina. Akwai wata jita da ake kwantarwa a cinya, kukanta kamar goge. A ƙarshe Hafiz ya ce ga sabuwar waƙa, ba wanda ya taɓa jin ta. Ya kalli wajena, wallahi ya kalla, na sunkuyar da kai kamar in nutse.

Da na sauko, takalman kowa a hargitse. Nawa kaɗai ne a gefe, an jera su, an juya bakinsu waje. Mutum ɗaya na sani a duniya mai yi wa takalmi haka. Abba. Kullum haka yake yi wa namu da na baƙi.

Har yanzu bai ce uffan ba. Ɗazu na ji shi a waya yana ambaton jirgi, sai na ajiye cokalina. Mama sai tambaya take ina mayafin. Ki taya ni addu’a.

Taki,
Kamila

Laraba

Rabi tawa,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, ke da Gwaggo.

Yau da la’asar Abba ya ce in raka shi kedai, wato shagon abinci, mu yi tapau ɗin gurasar roti, a ƙunsa mana mu kawo gida. Na bi shi a baya, ina lissafa kayan da zan zuba a akwati. Muna tsaye muna jira, sai ya fara fito a hankali. Rabi, sabuwar waƙar nan ce, wadda ba wanda ya taɓa ji!

Ashe ranar shi ma yana ɗakin, can baya, jikin bango. Ya ce irin kiɗan nan ya tashi yana ji a rediyo a Kaduna. Shi kuma ya ce wa Mama yana laburare. Wai kwana huɗu yana neman bakin da zai hukunta ni da shi, ya rasa.

Na saki ajiyar zuciya, na ɗauka shi ke nan, za mu rufa wa juna asiri. Ina! Cewa ya yi ba Zariya, amma yanzun nan za mu je mu faɗa wa Mama, mu biyu, shi zai fara.

Ga mu mun iso. Yana bakin ƙofa, sau uku ke nan yana gyara takalma, ya kasa shiga.

Ki gai da kowa.

Taki har kullum,
Kamila Sirajo